Fina-finan dodanni na 'yan sakandare: yadda ake sayar da su a Amurka

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida. Akwai wani nau'in fim da Amurkawa ba sa gajiya da shi: 'yan sakandare suna cikin karatu da soyayyarsu, sai fatalwa ko mai shan jini ya faɗo cikinsu, a gauraya tsoro da barkwanci. Kasuwarsu ta fi ci a watan Oktoba, gabanin bikin Halloween na ranar 31.

Babban bambancinsu da gida shi ne tambarin shekaru. A Kano hukumar gwamnati ce ke tace fim. A nan ƙungiyar kamfanonin fim ce, MPA, ke manna harafi. PG-13, wanda aka fito da shi a 1984, jan kunne ne kawai ga iyaye, ba a hana yaro shiga. R kuwa, wanda bai kai 17 ba sai da mahaifi ko waliyyi, kuma manyan gidajen sinima kan nemi katin shaida. Buffy the Vampire Slayer na 1992 PG-13 ne. Jennifer's Body na 2009 da Freaky na 2020 duk R ne, saboda jini da ashar da batsa. Amma ma'auninsu ba namu ba ne: sumbata, shigar tsiraici da wasa da tsafi duk suna wucewa a PG-13. Don haka a karanta gajeren bayanin da ke jikin harafin, shi ke faɗin dalili.

Tikiti a manyan birane ya kan haura dala 15, gugguru da lemo su ci kusan haka. Ranar Talata gidajen sinima na AMC da Regal suna rangwame, kallon rana ma ya fi araha. Ɗakin karatu na gari yana ba da aron faifai kyauta ga mai kati, shafin kallon fim na Tubi kuma kyauta ne amma da talla.

Mai son aiko da faifan DVD gida ya kula. An raba faifan DVD yanki-yanki: na Amurka na yanki na 1 ne, Najeriya da Nijar na yanki na 5, don haka na'urar da ba a buɗe ta ga kowane yanki ba za ta ƙi karantawa.

Abin da ya fi damuna shi ne shagunan tura fim a waya. Fim ɗin na isa hannun yaro ba kwali, ba harafi, ba bayani. Iyaye su rubuta sunan fim ɗin a shafin filmratings.com kafin su bar yaro da shi.