Signagi ko Telavi a watan Nuwamba? Hajiya, ki sauka Telavi

Hajiya, tunda kwana biyu kawai za ki ware ki fita daga Tibilisi, babban birnin Jojiya, zuwa Kaketi, yankin inabin ƙasar, kuma kin rasa masauki tsakanin Signagi da Telavi, to ki sauka Telavi. Na taka duka biyun a irin wannan lokaci, shekarar da na je duba 'yata da ke karatun likita a can, kuma ɗaya ne kawai nake marmarin komawa.

Mun tashi daga Tibilisi da hantsi, muka bi hanyar tsaunin Gombori. Tafiyar kamar awa biyu ce, amma hawa ne da kwana-kwana har sama da mita 1,600, don haka in mota na juya miki kai ki nemi kujerar gaba. Dajin duk ya koma ruwan ɗorawa da ja, wani wurin ganye ya gama zuba. Ki sa a ranki cewa kafin ƙarfe shida duhu ya yi, kar ki yarda a ɗauko ki da la'asar a wannan hanya.

Gidan baƙin da muka sauka a Telavi na wata dattijuwa ne. Tun a bakin ƙofa 'yata ta gaya mata ba ma shan giya, ba ma cin alade. Wallahi ko fuska ba ta canja ba. Ta mayar da tulun da ta ɗauko, ta hura mana murhun itace a ɗaki, da daddare ta kawo lobiyo, wato wake da ake dafawa a ƙaramar tukunyar ƙasa, da burodi mai cuku a ciki da suke kira kachapuri, da soyayyen gauta baƙi da aka naɗe da niƙaƙƙen nigozi, wannan gyaɗar bishiya mai lanƙwashe-lanƙwashe. Da asuba na shimfiɗa dardumata, ta leƙo ta ga ina salla, ta ja ƙofa a hankali ta koma. Da gari ya waye na buɗe taga sai ga tsaunukan Kokasas a tsaye ƙetaren kwarin Alazani, kawunansu fari fat da ƙanƙara. A tsakar gidan akwai bishiya ba ganye ko ɗaya, sai 'ya'ya jajaye sun yi mata nauyi. Kurma suke ce masa, kuma ɗan'uwan kanyarmu ne, sai dai ya kai girman tumatir. Ta tsinko min cike da kwano, ta nuna min waɗanda ta fere ta rataye a zare ƙarƙashin rumfa suna bushewa. Har yau in na ga kanya a kasuwa matar nan nake tunawa.

Abin da ya sa Telavi ta fi a wannan wata shi ne gari ne na mutanensa. Ita ce hedikwatar Kaketi, mutanenta sun kusa dubu 20, ko baƙi sun zo ko ba su zo ba kasuwa na ci. Ki shiga babbar kasuwar da safe ki ga rumman, da tuffa, da zuma, da cuku, da man furen rana mai ƙamshi wanda yankin ya yi suna da shi. Ki nemi masu gasa burodin shoti: a bangon tanderu suke manna shi, sak yadda ake gurasa a Kano. Da ƙafa za ki je Batonis Tsike, fadar Sarki Erekle na II mai ganuwa, kusa da ita kuma ga wata tsohuwar bishiya da ake cewa ta kai shekara 900. Lambun Tsinandali, gidan basarake kuma marubucin waƙa Aleksanda Chavchavadze, bai wuce kilomita 10 ba. Alaverdi kuwa, cocin ƙarni na 11 mai tsayin kusan mita 50, yana tsakiyar fili kamar kilomita 20 daga gari, ko daga waje kika tsaya ginin abin kallo ne.

Amma babban dalilina Pankisi ne. Daga Telavi kamar awa ɗaya ce ta garin Akmeta. Kwari ne da Kistawa ke zaune, Musulmi 'yan asalin Checheniya da kakanninsu suka ƙetaro tsauni a ƙarni na 19. A ƙauyen Duisi akwai tsohon masallaci na shekarar 1902, inda tsofaffin mata ke taruwa ranar Juma'a suna zikiri. Mun je, mun zauna a gefe. Da aka tashi wata ta kama hannuna ta tambayi ƙasarmu, da ta ji Najeriya ta ce Alhamdulillah, ta rungume ni. A nan ne na fara cin nama hankali kwance tun fitarmu daga Tibilisi, dafaffen naman sa da 'yan curin fulawa da romon tafarnuwa. In za ki iya, ki tsara kwanakinki Juma'a ta faɗo a ciki. Daga Signagi zuwa can zai cinye miki yini.

Signagi dai tana da kyau a hoto, ba zan hana ta wannan ba. Jajayen rufi a kan tudu, ganuwar ƙarni na 18 mai kusan kilomita 4, da Bodbe a gefe inda kabarin Nino yake, wadda Kiristocin ƙasar ke girmamawa. Amma garin ko mutum dubu 2 bai kai ba, abincinsa baƙi ne da masu zuwa ɗaurin aure da ɗanɗanon giya. Ranar da na je hazo ya rufe kwarin da aka kai mu gani, da yamma titi ya yi tsit, wuraren cin abinci da dama a kulle. Awa biyu ta ishe ta.

Kuma kuɗin zuwan nan har yanzu yana min ciwo. Wani mai tallan yawon buɗe ido ne ya tare mu a tsohon garin Tibilisi da allonsa mai hotuna, ya ce yini guda, tarihi da tsaunuka da abincin rana. Mun gaya masa ba ma sha, ya ce ba komai. Ashe rumbunan giya uku ne ƙashin bayan tafiyar. Sauran fasinjoji na ciki, mu muna tsaye a waje cikin sanyi, abincin ranar kuma tsiren alade ne. Duk wanda zai sayar miki da tafiya Kaketi, ki sa ya rubuto miki wuraren tsayawa ɗaya bayan ɗaya kafin ki ba da ko lari ɗaya, wato kuɗin ƙasar. Gara ki ɗauki direba naki ke da yaronki, ku ce masa ga inda za ku. A filin jirgi ma kar ki bi masu tare mutane a bakin fita, yaronki ya kira miki mota ta Bolt.

Maganar giya kuwa ba a ɓoye take ba, ita ce sana'ar yankin. A manyan randunan ƙasa da ake binnewa suke yin ta, kvevri, har UNESCO ta sa wannan hanya cikin kayan gadon duniya a 2013. Girbin inabi, wanda suke kira rtveli, daga Satumba ne zuwa Oktoba, don haka a Nuwamba gonaki sun zama fayau, ruwan inabin kuma ya riga ya fara juyawa. Nan ne hatsarin yake gare mu. Masu sayarwa a bakin hanya suna jera robobin lemo cike da jan ruwa, in kin tambaya wani zai ce miki ruwan inabi ne kawai. Sau da yawa machari ne, sabuwar giya mai zaƙi da ba ta gama nuna ba. Fari kamar ruwa kuma chacha ce, barasa mai ƙarfi. Duk abin sha da ba a rufe yake daga kamfani ba, ki bar shi. A gidan abinci ki riƙe kalma biyu: gvino giya, goris kortsi naman alade. Ki tambaya kafin a kawo kinkali, wato dafaffen ƙullin fulawa mai niƙaƙƙen nama a ciki, ko tsire, domin a Kaketi alade ya fi yawa a cikinsu.

Tsarabar da za ki kawo mana churchkela ce. Ana zura nigozi a zare, a tsoma cikin ruwan inabi da aka dafa da fulawa har ya yi kauri kamar talge, a rataye ya bushe. Nuwamba ne lokacinta, ta bana ta bushe daidai. Masu sheƙi kore da ja da ke rataye a titunan 'yan yawo na Tibilisi, yawancinsu sukari ne da kala, ga tsada. Ta gaske launinta ƙasa-ƙasa ne, ba ta ɗaukar ido, tana lanƙwasuwa ba ta karye ba. Ki saya a kasuwar Telavi wurin matan da suka yi da hannunsu, ki ce a yanka miki ki ɗanɗana tukuna.

Kafin ki biya kuɗin ɗaki ki tambaya ko akwai abin ɗumama shi, tsofaffin gidajen nan na dutse ne kuma dare na da sanyi. Ki tafi da safa mai kauri da takalmi rufaffe. In kin dage sai kin ga Signagi, ki biya ta can a hanyar dawowa ranar da gari ya washe, ki yi hotonki, ki kama hanyar Tibilisi kafin magariba.