Sharhi kan fim ɗin Napoleon Dynamite: dariyar da ta tsaya mini a maƙogwaro

Wani abokin aikina ne ya daɗe yana matsa mini lamba a kan in kalli wannan fim, bayan na yi masa ƙorafi cewa na rasa fim ɗin barkwanci na 'yan sakandaren Amurka da zan iya kallo tare da ƙanena ba tare da hannuna yana kan madannin tsallakewa ba. Duk wanda ya san irin waɗannan finafinai ya san abin da nake nufi, domin yawancinsu da batsa ake fara su, da ita kuma ake gama su. Ya tabbatar mini cewa wannan ba haka yake ba, kuma a wannan fanni bai yi mini ƙarya ba, saboda tun daga farko har ƙarshe babu tsiraici, babu ashar, babu shaye-shayen da aka saba cusawa. A daren wata Juma'a bayan sallar isha'i muka zauna da ƙanen nawa, wanda yake aji biyar na sakandare, na kunna kwamfuta, muka kalle shi cikin abin da bai fi awa ɗaya da rabi ba da kaɗan.

Fim ɗin ya fito ne a shekarar 2004, kuma Jared Hess ne ya ba da umarni, shi da matarsa Jerusha suka rubuta labarin, aka ɗauke shi a wani ƙaramin gari mai suna Preston a jihar Idaho, inda shi Hess ɗin ya yi karatun sakandare. Kuɗin da aka kashe bai wuce kimanin dala 400,000 ba, kuma dala 1,000 kacal aka fara biyan Jon Heder, wanda ya fito a matsayin Napoleon, kafin fim ɗin ya tara fiye da dala miliyan 40 a gidajen sinima. Ƙarancin kuɗin yana bayyana a kowace fitowa, amma ya dace da labarin, domin gidajen da tufafin da gonakin duk sun yi kama da na mutanen da zamani ya wuce ya bar su a baya. Sai dai minti ashirin na farko sun yi mini nauyi ƙwarai. Ni na tashi ne da barkwancin marigayi Ibro, inda ake guje-guje da ihu da baƙar magana, mai kallo kuma ya san daidai lokacin da ake so ya yi dariya. A nan kuwa yaro ne dogo mai cukurkuɗaɗɗen gashi da ƙaton tabarau, baki a sake, idanu rabi a rufe, zai faɗi wata magana marar kan gado, sannan a bar kyamara a kan fuskarsa babu kiɗa babu motsi, har mai kallo ya fara jin nauyin shirun a jikinsa.

A hankali na gane cewa shirun nan shi ne jarin fim ɗin. Akwai inda wata yarinya mai suna Deb ta zo ƙofar gidan su Napoleon tana tallar 'yan kayan ado da take saƙawa da hannu domin tara kuɗin jami'a, tana karanto maganar tallar kamar hadda, idanunta a ƙasa, sai yayan Napoleon, Kip, ya jefo mata baƙar magana daga cikin ɗaki, ita kuma ta tura wa Napoleon kayan a hannu ta ruga da gudu. Akwai kuma inda Napoleon ya cusa soyayyen dankalin abincin rana a aljihun wandonsa yana ci a ɓoye a cikin aji, wani mai cin zali ya nemi ya ba shi, da ya hana sai ya sa ƙafa ya murƙushe dankalin a cikin aljihun. Na yi dariya a waɗannan wurare, ba zan musa ba, kuma na yaba wa masu wasan, domin riƙe fuska babu ko murmushi a irin wannan hali aiki ne mai wuya. A lokacin har na fara gode wa abokin nawa a zuciya.

Abin da ya ɓata mini daren shi ne bikin rawar makaranta. Napoleon ya zana hoton fuskar wata yarinya mai suna Trisha, zane mai muni ƙwarai wanda shi a ransa yake ganin ya yi bajinta, ya kai gidansu domin neman ta raka shi bikin. Yarinyar ba ta da niyyar zuwa ko kaɗan. Kawunsa Rico, wanda yake yawon tallar robobin abinci gida-gida, shi ya zauna gaban mahaifiyar yarinyar ya kwance wa ɗan ɗan'uwansa zani a kasuwa, har da cewa yaron yana fitsarin kwance, duk domin a tausaya a sayi kayansa. Saboda wannan tausayi ne uwar ta tilasta wa 'yarta ta amsa gayyatar. Mai kallo ya san duk wannan, Napoleon kuwa bai sani ba. Ya je shagon gwanjo ya sayi wata tsohuwar kwat mai launin ƙasa, kawun da ya yi alkawarin kai shi a mota ya tsaya ciniki ya shanya shi a hanya, sai da 'yan uwan abokinsa Pedro suka rage masa hanya. Da suka isa zauren bikin ya shiga banɗaki na ɗan lokaci, kafin ya fito yarinyar ta sulale ta koma wurin ƙawayenta. Ya fito ya tsaya shi kaɗai a cikin kwat ɗin nan yana waige-waige, kiɗa na tashi, kowa da abokin rawarsa.

Ƙanena yana ta ƙyaƙyata dariya har da buga cinya, ni kuwa jikina ya yi sanyi, kunya ta rufe ni kamar ni aka bari a tsakiyar zauren. Na dakatar da fim ɗin na tambaye shi abin da ya ba shi dariya. Ya ce, "Yaya, ai dolo ne, kowa ya san ba za ta tsaya da shi ba, shi kaɗai ne bai gane ba." Na ce masa wannan rashin ganewar ita ce ta sa abin bai ba ni dariya ba, domin yaron bai cuci kowa ba, ya yi zane ne da zuciya ɗaya, ya sayi kwat da zuciya ɗaya, kuma babban da ya kamata ya rufa masa asiri shi ya sayar da mutuncinsa a kan robobi. Ya yi shiru, amma na ga alama bai gamsu ba, yana jiran in ci gaba da kunna fim ɗin ne kawai.

Dalilin da ya sa wannan wuri ya tsaya mini a rai ba ɓoyayye ba ne a gare ni. A makarantar kwana da na yi akwai wani yaro a ɗakinmu mai irin wannan hali, ba ya gane wasa, duk abin da aka faɗa masa sai ya ɗauka gaskiya ne. Wata rana wasu daga cikinmu suka gaya masa cewa an zaɓe shi ya yi jawabi a taron safe, ya kwana yana haddace abin da ya rubuta, da gari ya waye ya fita gaban ɗalibai ba tare da kowa ya kira shi ba, malami ya daka masa tsawa ya koma layi, makaranta gaba ɗaya ta fashe da dariya. Ban shirya abin ba, amma na san da shi tun daren, ban kuwa gaya masa ba, kuma na yi dariya tare da sauran. Shekaru sun wuce ashirin, har yau ina tuna yadda ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Fuskar Napoleon a zauren nan ita ce fuskar yaron nan, shi ya sa na kasa ɗaukar fitowar a matsayin wasa.

Adalci ya wajaba a kaina in faɗi cewa fim ɗin bai bar shi a nan ba. Pedro, wanda ya zo bikin tare da Deb, ya bar Napoleon ya yi rawa da ita, kuma an yi wannan cikin sauƙi ba tare da wani dogon jawabi ba. Sannan ga ƙarshen da ya sa fim ɗin ya yi suna. Pedro ya tsaya takarar shugaban ɗalibai da Summer, yarinyar da ta fi kowa farin jini, sai a ranar jawabi ya ji cewa dole kowane ɗan takara ya gabatar da ɗan wasa a kan dandamali, shi kuwa bai shirya komai ba, gwiwarsa ta yi sanyi. Napoleon ya miƙa wa mai kula da sauti kaset, ya hau dandamali shi kaɗai ya kama rawa a gaban ɗaliban da suka saba yi masa ba'a. Na ƙanƙame hannun kujera ina jiran a sake wulaƙanta shi, sai ga shi ya iya rawar da gaske. Kiɗan ya yanke ba zato, ya tsaya cak, ya gudu daga dandamalin, zauren ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan aka miƙe tsaye ana tafi. A nan na ji daɗi ƙwarai, domin ba don kansa ya yi kasadar ba, don abokinsa ya yi ta, kuma a lokacin na ce a raina fim ɗin ya biya bashin da na bi shi.

Da na kwanta ne tunanin ya dawo mini, kuma daɗin ya ragu. Tafin da aka yi masa saboda ya iya rawa ne, wato da ya yi tuntuɓe ya faɗi da sai a ci gaba daga inda aka tsaya. Babu wanda ya ba shi haƙuri a kan daren bikin, Trisha ba ta ce masa komai ba, kuma bai taɓa sanin maganar da kawunsa ya yi a kansa ba. Haka nan Pedro, yaro ɗan Meziko baƙo a garin, an mai da shi abin kallo fiye da kima, musamman inda ya aske kansa ƙwal saboda zafi ya koma yawo da gashin kanti. Wurin da Rico ya tare Deb yana tallata mata maganin gyaran jikin mata, yana jingina maganar ga Napoleon, shi ma bai ba ni dariya ba ko kaɗan, domin magidanci ne yake yi wa yarinya 'yar makaranta wannan magana su biyu a ɗaki. Wannan ne kaɗai wurin da na yi nadamar kasancewar ƙanena a gefena, kuma abokina bai gargaɗe ni a kansa ba.

Na san ba ni kaɗai ba ne fim ɗin ya raba wa hankali. Lokacin da kamfanin Netflix ya sa gasar dala miliyan 1 a shekarar 2006 domin inganta manhajar da ke hasashen abin da mai kallo zai so, wannan fim yana cikin waɗanda suka fi ba masu gasar wahala, saboda mutane ko dai su ba shi cikakken maki ko su ba shi mafi ƙaranci, ba a cika samun na tsakiya ba. Ni na tsinci kaina a ɓangarorin biyu a dare ɗaya. Ga babban mutum da yake son ganin yadda ake haɗa barkwanci da shiru da kuɗi kaɗan, ina ba shi shawarar ya kalla, zai ƙaru. Ga wanda yake neman abin da zai kunna wa yara 'yan sakandare ya tafi harkarsa, ban ba shi wannan shawara ba, domin tsabtar harshe ba ta isa ta sa in amince da abin da za su koya daga wanda ake yi wa dariya ba.

Washegari da safe ƙanena ya kawo wayarsa ya ce in tura masa fim ɗin zai nuna wa abokansa a makaranta, yana mai cewa akwai wani yaro a ajinsu da yake kama da Napoleon sak, har tafiyarsu iri ɗaya. Na tambaye shi ko yaron zai kasance cikin waɗanda za su kalla, ya ce a'a, ba ya zama da su. Ban tura masa ba.