Yinin da muka yi da yara a gidan tankokin yaƙi na Bovington

Babban ɗana ne ya matsa sai mun je, tun da malaminsu na tarihi ya ba su labarin wurin. Ni kam ban ɗokanta ba, don a zatona ƙarafa ne kawai a jere. Ranar Asabar muka hau jirgin ƙasa daga tashar Waterloo ta Landan, muka sauka a wani ɗan ƙauye da ake kira Wool a yankin Dorset bayan tafiyar kusan awa biyu da rabi, sannan tasi ta ƙarasa da mu.

The Tank Museum, haka sunansa yake, yana gefen sansanin sojan Ingila inda har yau ake horar da masu tuƙa tanka. Motocin sulke kusan 300 ne a ciki, na ƙasashe daban-daban. Mun fara da wadda ake kira Little Willie, ta shekarar 1915, kakar duk tankokin duniya. Kamar akwatin ƙarfe take a kan sarƙa. A nan Abban yara ya ba su labarin asalin sunan: don a ɓoye sirri lokacin ƙera su, sai aka riƙa cewa tankunan ruwa ne, sunan kuma ya bi su.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne ɓangaren Yaƙin Duniya na Ɗaya. An gina rami irin wanda sojoji suka zauna a ciki a Faransa, da duhu da ƙarar igwa, kana fitowa sai ka ga tanka ta taso maka a sama. Auta ta riƙe gyalena gam, tana cewa, "Umma, mu fita." Mai ƙaramin yaro ya san da wannan kafin ya shiga. Da muka leƙa cikin tankar wancan zamani sai jikina ya yi sanyi. Mutum takwas ne a ciki, injin yana tsakiyarsu ba shamaki, ga zafi ga hayaƙi mai sumar da mutum, tafiyar kuma ba ta fi ta mai sauri da ƙafa ba. A haka aka fara tura su fagen fama a Satumbar 1916. Na daɗe a gaban hotuna da wasiƙun samarin da suka shiga ciki, wasunsu ba su fi ɗana da shekara biyar ko shida ba.

Shi kuwa ɗan nawa Tiger 131 ta kawo shi. Ta Jamus ce, an kame ta a Tunisiya a Afrilun 1943, kuma ita kaɗai ce irinta da har yanzu injinta ke tashi. Wani dattijo mai aikin sa kai ya nuna masa tabon harsashin da ya maƙale ya hana kanta juyawa, har mutanen cikinta suka gudu suka bar ta. Yaron ya jero masa tambayoyi sun fi goma, bawan Allahn nan bai ƙosa ba ko sau ɗaya. Wannan haƙuri nasa ya burge ni fiye da girman tankar.

Zaurukan a rufe suke, don haka ruwan saman da ya sauko da rana bai dame mu ba, kuma keken jarirai yana wucewa ba wahala. Mun tafi da abincinmu muka ci a can. Tikitin da muka saya yana ba mu damar komawa har shekara guda, abin da ya rage min jin nauyin kuɗin shigar mutum huɗu.

Awa huɗu muka yi, ba mu gama zagayawa ba. A jirgin komawa auta ta yi barci, yayanta kuwa ya yi shiru har muka wuce Southampton, sannan ya ce, "Abba, su mutum takwas ɗin nan, ta ina suke fita in wuta ta kama?"