Allon dannawa da allon shafa: wanne ya riga, wanne ya fi?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa tsofaffin wayoyi irin Nokia 5800 suke jin farce ko murfin biro, amma wayar yanzu da ka sa safar hannu sai ta yi kunnen uwar shegu da kai. Fasaha biyu ce daban, kowacce da abin da take ji.

Ta farko ana ce mata rizistib, nauyin dannawa take ji. Shimfiɗa biyu ce, ta sama roba mai lanƙwasuwa, ta ƙasa yawanci gilashi, an shafe kowacce da sinadarin da wuta ke bi, da ɗan rata a tsakaninsu. Kana dannawa sai su haɗu, na'urar ta auna wutar ta gane wurin. Ba ruwanta da abin da ya danna, yatsa ne ko tsinke.

Ta biyu, kafasitib, ba ta neman ƙarfi ko kaɗan. Gilashi ne mai tauri, a ƙarƙashinsa akwai raga ta layukan lantarki da ido ba ya gani. Jikin mutum wuta na bi ta cikinsa, don haka yatsa na sauka sai cajin wurin ya sauya. Farce da safar ulu ba sa yin haka. Ruwa kuwa yana yi, shi ya sa ɗigo biyu a kan allo suke sa waya ta riƙa buɗe abin da ba ka taɓa ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, kafasitib ce yaya. E.A. Johnson ya bayyana ta a 1965 a cibiyar binciken rada (na'urar hango jirage daga nesa) ta Malvern a Ingila, don masu kula da zirga-zirgar jiragen sama. A 1973 Frank Beck da Bent Stumpe suka ƙera tasu a CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai. Rizistib kuwa ta fito ne daga aikin da Samuel Hurst ya fara a Amurka a 1971. Amma ƙanwar ce ta fara cin kasuwa, saboda ta fi arha kuma tana karɓar ɗan siririn alƙalami: wayar IBM Simon ta 1994, 'yar kwamfutar aljihu Palm Pilot ta 1996, har na'urar wasan Nintendo DS ta 2004, duk ita ce a jikinsu.

A 2007 reshe ya juye da mujiya. LG Prada da iPhone suka shigo kasuwa da kafasitib, iPhone kuma ta nuna abin da rizistib ta gargajiya ba ta iyawa, wato jin yatsa biyu a lokaci guda. Ka buɗe yatsu hoto ya girma, ka matse ya ƙanƙance. Ga haske ya fi fita, don shimfiɗun rizistib suna rage shi, robarta kuma saurin karcewa gare ta. Gilashi dai shi ma ba tsira ya yi ba, faɗuwa ɗaya ya tsage.

A ganina, in waya ce, magana ta ƙare, kafasitib ce. Amma a masana'anta, inda ma'aikaci ke sanye da safa mai kauri ga ƙura ga maiƙo, har yau za ka tarar da injuna masu allon rizistib, kuma masu su ba sa gaggawar canza su.