Fulogin Denso a tsohuwar Corolla: abin da na gani bayan na sauya

Motata Corolla ce ƙirar 2006, 'yar Kwatano, mai injin 1ZZ-FE lita 1.8. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 nake neman abin da zai ƙara mata kuzari ba tare da ta ƙara sha ba. Samarin gareji kowa da tasa shawarar: a sa salansa mai ƙara, a cire indomi (matatar hayaƙi da ke jikin bututun salansa), a sa wannan, a sa wancan. Ni kuwa daga fulogi na fara, kuma shi ne abin da nake son yin magana a kai.

Na sayi Denso SK16R11 guda huɗu, mai bakin iridiyom, wani ƙarfe mai tauri da ba ya saurin cinyewa. Shi ne dama irin wanda Toyota ta tsara wa wannan inji, amma da aka kwance nawa sai aka tarar da fulogin gama-gari mai araha, bakinsa ya cinye. Aikin ba wuya: kowane fulogi da nasa koyil a kansa, noti ɗaya za a kwance da lamba 10, sannan a zaro fulogin da soket lamba 16. Sai dai a bari inji ya huce, don kan injin alminiyom ne, zarensa ba ya son ƙarfi. Kada kuma a bar kowa ya ƙwanƙwasa bakin fulogin wai zai gyara tazara. Da tazararsa ya zo, milimita 1.1, bakin kuma siriri ne, yanzu ya karye.

Bambancin da na ji shi ne wajen tashi da safe da kuma tsayuwa a danja. A da sitiyari na karkarwa idan na kunna AC a tsaye, yanzu inji ya kwanta luf. Idan na taka totur zan wuce tirela a hanyar Zariya, tana amsawa nan take, babu wannan jinkirin da ke sa gaban mutum faɗuwa. Amma kada a ruɗe ku, fulogi bai ƙara mata doki ko ɗaya a kan wajen 130 da aka ƙera ta da su ba. Abin da ta rasa ne ya dawo mata da shi, ni kuma wannan ya ishe ni.

Ba zan ba fulogi yabon duka ba, domin a rana ɗaya na sa aka wanke na'urar auna iska da ke bayan akwatin eya kilina (matatar iska) da feshin da aka yi dominta, aka goge bakin totur, aka kuma sauya eya kilinar. Ƙurar hunturunmu ba wasa ba ce. Saboda ita ma ban karɓi shawarar eya kilinar da ake wankewa a shafa wa mai ba: iska na wucewa da yawa, haka ma ƙura, man kuma kan iya ɓata na'urar auna iskar. Ta takarda mai kyau, a riƙa sauyawa a kai a kai, ta fi dacewa da mu.

Baƙin mai kuma na koma 5W-30 kamar yadda aka rubuta a murfin inji, maimakon 20W-50 da bakanikai suka saba ɗurawa. Wannan inji yana da VVT-i, tsarin da ke sauya lokacin buɗewa da rufewar bawul, kuma da matsin mai yake aiki, mai kauri yana sa shi nauyi kamar mai gudu a cikin yashi.

Inda nake da ƙorafi shi ne tsada da yawan jabu. Kuɗin guda ɗaya ya sayi na gama-gari da dama, kuma kwalin jabun da ƙyar ake bambance shi da na ainihi. In an kai shi araha sosai, a bar shi. Na ainihi Toyota ta ce yana kai mil 120,000, ko da yake da irin man da muke sha zan sa a duba nawa tun kafin nan. Mai Corolla ko Matrix mai irin wannan inji, ya tafi da lambar a rubuce, ya sa a buɗe kwalin a gabansa ya ga ta dace da wadda ke jikin fulogin.