Garejin da na mayar wa Hajiya ɗaki, da abin da damina ta tona

Tun da na sayar da mota garejinmu ya zama wurin jibge tarkace. Da ciwon gwiwa ya hana Hajiya hawa bene, sai na ce a mayar mata da shi ɗaki da banɗaki a ƙasa. Abokin aikina ne ya haɗa ni da maginin, a nan Jos.

Gaskiya hannunsa na da kyau. Ya cire ƙofar ƙarfen ya toshe wurin da bulo, ya fitar da taga biyu, tayil kuwa kamar da zare aka ja shi. Sati uku ya gama. Ranar da Hajiya ta tare, shafa bango ta dinga yi tana sa masa albarka, ni kuma har lambarsa na rarraba wa mutane.

Sai ga ruwan Agusta. Wajen ƙarfe 3 na dare Hajiya ta buga min waya: "Ɗan nan, sauko ka ga ikon Allah." Na tarar da ita a kan gado ta tattare ƙafafu, ruwa na kwararowa ta ƙarƙashin ƙofa, dardumar sallarta ta jiƙe sharkaf, silifas ɗinta na yawo a tsakar ɗaki. Ni da uwargida muka kwana kwarfar ruwa da faranti. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, a sanyin Jos!

Daben gareji daidai yake da tsakar gida don mota ta shiga, ba kamar na ɗakuna da ake ɗagawa ba. Abin da ya fi ƙona min rai, na tambayi maginin tun farko ko za a yi ciko. Ya ce, "Alhaji, kar ka ɓata kuɗinka, tayil ya isa." Ko leda bai shimfiɗa a ƙasa ba, shi ya sa yanzu danshi ke hawa bango, fenti na kumbura yana ɓarewa, ɗakin na warin rima. Soket ma ƙasa-ƙasa ya sa aka dasa, Allah ne ya kiyaye babu wutar lantarki a daren.

Na so in ce a ba shi aiki amma a tsaya a kansa. Na fasa. Sau 6 ina kiransa, kullum "gobe, in sha Allah," daga baya ya daina ɗauka. Wani maginin ya ce sai an fasa tayil ɗin duka, a yi ciko, a tsaga magudana a bakin ƙofa. Hajiya dai tana falo a kan katifa, muna jiran ruwa ya ɗauke.