Peak mai cikakken mai ko Cowbell: wane mai ne a kofin shayinka?

Madarar gari biyu ce ta fi yawa a teburin mai shayi, kuma bambancinsu na gaskiya yana wajen mai. Peak mai rubutun "Full Cream", ta kamfanin FrieslandCampina WAMCO, madarar saniya ce da aka busar da man jikinta. A ƙa'ida irin wannan ba ta kasa kashi 26 cikin ɗari na mai. Cowbell ta kamfanin Promasidor, wadda ta shigo Najeriya a 1993, an cire mata man saniya an zuba na tsiro. Irinta ake rubuta wa "Filled", kuma a wannan sana'a galibi tataccen manja ake sawa. A duba gwangwani da kyau, don Peak ma tana da samfurin "Filled".

Abincin saniya a mai yake fitowa. Wadda ke kiwon ɗanyar ciyawa madararta ta fi yawan omega-3 (wani irin mai ne mai amfani ga jiki) da sinadarin karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Wadda aka tsare a garke kan dusa da masara manta ya fi fari da tauri. Duk mai sayen man shanu wajen 'yan Fulani ya san haka: na damina rawaya ne mai ƙamshi, na rani ya koɗe. A 2016 masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Niyukasil ta Ingila suka tattara bincike-bincike masu yawa, suka ga madarar gonakin da ba sa amfani da takin zamani, inda shanu suka fi samun ciyawa, ta fi ta sauran omega-3 da kusan rabi. Sai dai sinadarin aidin ɗinta ya yi ƙasa. Kuma kada a ruɗu da wannan rabin, kifin sadin ɗaya ya fi kofuna da yawa omega-3.

Duk wannan zance bai shafi Cowbell ba. Ko a wace makiyaya saniyar ta yi kiwo, an riga an kwashe manta, kamar nonon da aka kaɗe aka cire man shanu, saɓanin kindirmo. Furotin da kalsiyam suna nan, an kuma ƙara bitamin A da D. Tana da araha, tana jure zafi a kanti, kolesterol ɗinta kaɗan ne. Amma masu cewa ta fi lafiya ga zuciya sun ɗan yi azarɓaɓi: kusan rabin manja mai daskarewa ne, wato irin man da ke ƙara kolesterol a jini, man saniya kuwa wajen kashi biyu cikin uku.

A baki Peak ta fi gardi, kuma a yogot da kunun gyaɗa ana jin nauyinta. Aibinta biyu: tsada, sannan gwangwanin ba ya faɗa maka abin da shanun suka ci, don haka kana sayen man saniya ne ba tare da tabbacin na ciyawa ba ne.

Wajen haɗawa ake yawan ɓata ta. Giram 130 na gari, a cika da ruwa zuwa lita ɗaya, shi ke ba da kaurin madarar saniya. A fara damawa da ruwa mai ɗumi kaɗan sannan a ƙara sauran. Tafasasshen ruwa kai tsaye gudaji yake yi. Jiƙaƙƙen cokali na sa gari ya dunƙule, murfin da aka bari a buɗe kuma na sa mai ya yi ɗan wari, musamman a watannin bazara. Shi ya sa ta awo daga buɗaɗɗen buhu ba abin yarda ba ce, ko da an ce maka Peak ce.

Ga mai shayi da masu yin fanke da kek, Cowbell ta wadatar. Yaron da ya wuce shekara ɗaya ana son ya yi ƙiba, a ba shi mai cikakken mai. Jaririn da bai kai shekara ba kuwa, babu ɗayarsu da za ta maye masa nonon uwa.